Awon Nisan Jirgin Sama Daga Ƙasa: Na Iska Ko Na Tauraro?

Duk maniyyacin da ya baro Kebbe ko Tambuwal ya shiga jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato, lafiyarsa tana rataye ne ga wata 'yar na'ura da ke gaban matuƙi, watau altimita. Aikinta shi ne auna nauyin iska, wanda yakan ragu gwargwadon yadda jirgi ya yi sama, kana ta juya shi zuwa ƙafa.

An gina lissafinta bisa zaton cewa zafi a bakin teku digiri 15 ne. To, amma a ƙasar Sakkwato da bazara zafi yakan wuce digiri 40, iska ta buɗe, har jirgin da na'urarsa ta nuna ƙafa 1,000 bisa filin sauka ya kasance a wajen ƙafa 1,100.

Awon GPS kuwa babu ruwansa da zafi ko sanyi. Daga taurarin ɗan Adam da ke nisan kilomita 20,200 yake samun lissafi, kuma sai ya ji huɗu aƙalla. Tun da Amurka ta daina rage ingancinsa da gangan a shekarar 2000, kuskurensa bai cika wuce 'yan mitoci ba.

Me ya sa ke nan ba a yar da altimita ba? Dalili shi ne jituwa. Idan jirage suka yi nisa a sama, kowane matuƙi yakan saita tasa a kan lamba ɗaya, 1013. Idan iska ta kawo kuskure, kowa ya yi shi tare, tazarar ƙafa 1,000 da aka yarda da ita a sararin Afirka tun 2008 ta tsaya daram. Har ila yau ana iya toshe saƙon tauraro, amma ba a toshe nauyin iska.

Haɗarin yana wajen sauka, inda ma'aikacin hasumiya yake faɗa wa matuƙi nauyin iskar filin. A watan Mayu na 2022 a birnin Paris, an ba wani jirgin Airbus A320 lamba 1011 maimakon 1001. Ya sauko ƙafa 280 ƙasa da inda ya dace, cikin ruwan sama, saura ƙafa 6 ya daki ƙasa kafin ya sake tashi. Don haka a nan Arewa, ranar da hazon hunturu ya rufe fili, wajibi ne matuƙi ya maimaita lambar da aka ba shi, ya kuma gwada awon biyu da juna.