Wa Ke Zaɓen Alƙalan Kotun Ƙoli? Nazari Daga Fadamar Miga

Manomin da ke rikicin gadon fadama a Miga yakan fara da kotun shari'a ta kusa da shi. In hukunci bai gamsar da shi ba, ya nufi Dutse, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarshe kuma Kotun Ƙoli a Abuja, inda magana ke ƙarewa. Saboda haka zaɓen waɗanda ke zama a wannan kujera ya shafe shi, kamar yadda ya shafi mutanen Kano ranar 12 ga Janairu 2024, da kotun ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf a kan kujerar gwamna.

Mutane da yawa sun ɗauka shugaban ƙasa ne ke zaɓen wanda ransa ya so, kamar yadda ake yi a Amurka, inda shugaba kan nemo mai ra'ayi irin nasa. A Najeriya, sashe na 231 na tsarin mulkin 1999 ya ɗaure masa hannu: sai wanda Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta ba shi sunansa, sannan Majalisar Dattawa ta amince. Dole mutumin ya shekara 15 da zama lauya. Sashe na 288 kuma ya umarci shugaban ya tabbatar akwai masana shari'ar Musulunci ta iyali da masana dokokin gargajiya a cikin alƙalan, sharaɗin da ya shafi mai ƙarar gado kai tsaye.

A da ƙofar ta fi haka faɗi. Gowon ya naɗa Farfesa Teslim Elias Alƙalin Alƙalai a 1972 daga ofishin Antoni Janar, haka Augustine Nnamani ya shiga kotun a 1979. Yanzu al'ada ta zama hawan tsani daga Kotun Ɗaukaka Ƙara kawai, ana duba daɗewa a aiki da rabon shiyyoyi shida. Alƙalai 11 da Tinubu ya tura Majalisar Dattawa a Disamba 2023 duk daga can suka fito.

Babban dalilin wannan sauyi shi ne tarihi. Bayan shekarun mulkin soja, masu rubuta tsarin mulki sun so su raba alƙalai da son ran mai mulki, sai suka damƙa zaɓen ga alƙalan da kansu. Alƙalin Alƙalai ne ke shugabantar NJC, shi ne ke naɗa mafi yawan mambobinta, shi ne kuma shugaban hukumar da ke tace sunayen tun farko. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya koka da wannan tarin iko a jawabinsa na bankwana a Oktoba 2023.

Tsarin yana da amfaninsa. Wanda ya iso Kotun Ƙoli ya riga ya goge, kuma rabon shiyyoyi na kwantar da hankalin ƙasa. Ta hanyar daɗewa a aikin alƙalanci Arewa ta samu Muhammad Bello na Katsina a kujerar Alƙalin Alƙalai a 1987, da Aloma Maryam Mukhtar, mace ta farko a kujerar, a 2012.

Amma akwai illa. Doka ta yanke ritaya a shekara 70, masu hawan tsani kuwa sai shekaru sun ja suke isowa. A da, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya shiga kotun yana ɗan shekara 43, ya shugabance ta daga 1995 zuwa 2006. Amma Ɗahiru Musɗafa, ɗan Ɓaɓura ta Jigawa, ya hau shugabancinta a Agusta 2011 ya sauka a Yuli 2012. Wane gyara mutum zai kammala cikin wata goma sha ɗaya? Ga malaman jami'a da manyan lauyoyi kuma an bar su a bakin ƙofa.

Ikon da ya rage wa shugaban ƙasa shi ne na lokaci, kuma ba ƙarami ba ne. Walter Onnoghen ya zauna a matsayin Alƙalin Alƙalai na riƙo daga Nuwamba 2016, sai a Fabrairu 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Osinbajo ya tura sunansa Majalisar Dattawa, aka kuma dakatar da shi a Janairu 2019 ana dab da zaɓe. A ƙarshen 2023 alƙalan kotun sun ragu zuwa 10, ƙararraki suka yi tsibi. Kowace kujera da aka bari ba kowa, ƙarin shekaru ne ga manomin da ruwan Kogin Haɗeja ke cinye iyakar gonarsa yana jiran hukunci.

Gyaran yana hannun 'yan majalisa: a rage ikon mutum ɗaya a kan NJC, a sanya wa'adin cike gurbi, a sake buɗe ƙofa ga masana. Sanatocin Jigawa uku na cikin masu tantance waɗannan alƙalai, kuma mutanen Miga na da haƙƙin tambayar nasu sanatan abin da ya faɗa ranar tantancewar.