Abu Ashara, bindigar da ta saura daga zamanin Turawa

Abu Ashara, wato mai goma da Larabci, shi ne sunan da mutanen Sudan suka laƙaba wa bindigar Ingila mai suna Lee-Enfield, saboda harsashi 10 take ɗauka. Ba ta sarrafa kanta. Bayan kowane harbi sai mai ita ya ja wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa, kwanson harsashi ya fita, ya tura sabo.

Ita ce makamin Rundunar Tsaron Sudan da aka kafa a 1925, wadda ta fafata da Italiya bayan Italiyawa sun kama Kassala da Kurmuk a 1940. Hausawa da Fulanin Mai Wurno, kusa da Sennar, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun fi saninta a kafaɗar 'yan sanda. Da sojojin Sudan suka koma bindigar G3, sai Abu Ashara ta zama tsohon yayi.

A Ingila da Amurka masu tara kayan tarihi suna sayen irinta, su gyara. Aikin na haƙuri ne. Ana wanke daskararren man da aka shafe ta da shi lokacin ajiya, a goge tsatsa, a leƙa cikin bututun ko ya cinye. Ƙotar katakon kuwa mai ake shafa mata kaɗan-kaɗan, ba fenti ba. Gwanaye ba sa kankare tambarin masana'anta da shekarar ƙira, domin da zarar sun goge, darajarta ta faɗi.