Taswirar tunani: awon ilimin da ya ratsa fannoni da yawa

Duk wanda ya san Damagaram ya san ƙishirwarta. Birnin Zinder a kan dutse yake zaune, dutsen kuwa ba ya riƙe ruwa sai a 'yan tsage-tsagensa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birnin Nijar zuwa Yamai a 1926. Shi ya sa kuma aka riƙa janyo ruwa daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza.

Wannan matsala ta fi ƙarfin masani guda. Tana bukatar masanin duwatsu, da likita, da masanin tattalin arziki, da mai nazarin zaman jama'a. Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan André Salifou, irin waɗannan ƙwararru ake sa ran ta yaye. To, amma yaya malami zai tabbatar ɗalibin digiri na biyu ya haɗa fannonin a kansa? Jarrabawar da aka saba tana auna kowane fanni shi kaɗai, har mai hadda ya ci ba tare da ya fahimta ba.

Akwai dabarar da ta cancanci gwaji. A 1972, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Joseph Novak da abokan aikinsa suka ƙirƙiro taswirar tunani, bisa ra'ayin David Ausubel cewa sabon sani a kan tsoho yake ginuwa. Ɗalibi zai rubuta muhimman kalmomi cikin akwatuna, manya a sama, ƙanana a ƙasa, ya haɗa su da layuka, kowane layi da kalmar da ke bayyana dangantakar.

A littafinsu na 1984, Novak da Bob Gowin sun tsara maki kamar haka: 1 ga kowace dangantaka ingantacciya, 5 ga kowane mataki, 10 ga layin da ya tsallaka daga wani reshe zuwa wani. Nan gizo ke saƙa. Ɗalibin da ya rubuta “dutse ba ya riƙe ruwa” ya san darasinsa. Wanda kuwa ya ja layi daga dutse zuwa tsadar ruwan garwa, daga nan zuwa shan ruwan tafki da gudawar yara, har zuwa yarinyar da ta makara lakkwal saboda layin famfo, shi ne ya fahimci Zinder. Idan aka sa shi ya zana taswira a farkon shekara, ya sake a ƙarshenta, malami zai ga ci gaban da idonsa.

Dabarar tana da nata rauni. Malamai biyu na iya saɓawa wajen ba da maki, sai sun daidaita ma'auni tun farko. Ɗalibi ma sai ya koyi zanen kafin a auna shi da shi. Taswira kuma ba ta maye gurbin aikin daji da rubutun kundi.

Sai dai kayan aikinta takarda ce da fensir kawai. Ga jami'a mai ƙaramin kasafi, wannan ba abin rainawa ba ne. Shawara ta rage ga malamanmu.