Juriyar Mutanen Maiduguri Da Rumbun Da Muka Bari Ya Rushe

Tun ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu har da asibitin koyarwa, magana ɗaya ce a bakin masu zuwa jaje: mutanen Borno akwai juriya. Manyan baƙi sun faɗa, mu 'yan jarida mun maimaita. Kuma gaskiya ne. Ɗan kasuwar da ya tsallake shekarun bama-bamai, gobarar Fabrairun 2023 ta lashe masa rumfa, ya sake kafawa da bashi, sannan ruwa ya yi awon gaba da kayan, in ka iske shi ya shimfiɗa tabarma yana ciniki, dole ka sara masa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar juriyar nan tamkar a jini take, ba ta ƙarewa, don haka ba ta bukatar taimakon kowa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da wuce wannan fahimta. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955 har suka girma, ta ga waɗanda suka fito lafiya daga gidajen talauci da rigima galibi suna da wani babba, kaka ko gwaggo ko malami, da ya tsaya musu. Ke nan juriya tarawa ake yi, kuma a jikin mutane ake tara ta.

Kakanninmu sun san haka ba tare da an rubuta musu ba. A gidanmu na ƙauye akwai rumbun da muke kira rumbun tsimi, an liƙe bakinsa da laka, ko hatsin ci ya yi ƙasa ba mai taɓa shi sai maigida ya tabbatar damina ta ƙi. Na taɓa ganin an buɗe shi sau ɗaya ina yaro. Damin gero ya fito ya yi duhu don daɗewa, kuma kafin a kai wa matan gida sussuka sai da kakana ya ware na maƙwabta biyu da nasu ya ƙare. Bayan rumbu akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa magidanta ke noma tare su ci daga tukunya ɗaya, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Akwai gayya ga wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar noma. Mata na da biki, wanda abin da kika kai wa ƙawarki ranar suna zai dawo miki da ƙari ranar taki hidimar, ga adashi, ga riƙon ɗan 'yar'uwa idan gidansu ya yi nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a baki kawai suke faɗin haka ba.

Wannan tsari ne ya fitar da mutane daga yunwar da har sunaye aka sa musu: Kakalaba a 1914, 'Yar Gusau a 1942, da wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira El Buhari a 1984. Wani manazarci, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa a 1983, ya nuna yadda harajin kuɗi na Turawa da noman gyaɗa don sayarwa suka fara zaizaye wannan kariya, har manomi ya koma sayar da hatsinsa da kaka ya saye shi da tsada da bazara. Ragowar wannan kariya ce ta ɗauki 'yan gudun hijirar Boko Haram, domin mafi yawansu a gidajen dangi da na bayin Allah suka sauka, sansani ya ɗauki kaɗan ne.

To yau fa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa gaida ɗan'uwa, alhali zumunci a ƙafa yake. Adashi na watsewa saboda zubi ya gagara. Gonar gandu an raba ta gado har ta zama kamar tabarma. Maigida na kwana ido biyu yana lissafi, da safe ya sauke fushinsa kan uwargida, ita kuma ta sauke kan yara, kowa ya ce musu sai haƙuri.

Wata ƙanwar mahaifiyata da ruwan ya kora ta gaya mini jikanta ɗan shekara 6, da hadari ya haɗu sai ya ƙanƙame ta yana rawar jiki, ya koma fitsarin kwance. An yi masa tofi, kuma addu'a makami ce, amma yaron na bukatar wanda ya san aikin firgici ya zauna da shi. Ina za a same shi? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma har yanzu ba a ji ɗuriyarta a ƙananan asibitocin unguwa ba.

Don haka masu mulki su rage yabo su yi aiki. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da malaman Islamiyya su gane yaron da tsoro ya kama. Tallafi kuma a riƙa biyo da shi ta hannun uwar adashi da ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda suka san wa ya yi asara da gaske, kuma a tuna da gidajen da suka sauki baƙi, don su ma tukunyarsu ta yi ƙasa. Mu kuma, wanda duk ke da ɗan'uwa a Gwange ko Gamboru, ya kira shi a wannan makon, kada ya tsaya a gaisuwa, ya tambaye shi ko yana samun barci, ya tambayi yadda yara ke yi idan an fara iska.