Maganin da ake aikawa ya nemo sankarar hanji da kansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 sankarar babban hanji ta kama mutane fiye da miliyan 1 da dubu 900, ta kuma kashe kimanin dubu 930. Tiyata ce babban maganinta. To amma akwai ƴan ƙwayoyin cutar da idon likita ba ya gani, waɗanda kan laɓe a hanta su sake tsiro bayan an ɗinke ciki. Su ne masana suka daɗe suna neman hanyar da za su cim musu.

Labarin ya faro ne a 1965 a birnin Montreal na Kanada, inda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano wani sinadari mai suna CEA da ke taruwa a jikin ƙwayoyin wannan sankara, tamkar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa. A 1975 kuma Köhler da Milstein, a Ingila, suka samo dabarar ƙera ƙwayoyin garkuwar jiki masu gane shaida guda tak. Sai masana suka ce, me zai hana a ɗora wa waɗannan ƙwayoyi aidin-131, wato aidin mai fitar da tururin nukiliya, a yi allurarsu ta jijiya, su je su manne wa cutar su ƙona ta a inda take?

Ba aidin ɗin gishirinmu na miya ba ne. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan kwana 8, kuma tururin da ke yin ƙunar ba ya wuce milimita 2. Kafin allura sai an ba maras lafiya aidin na yau da kullum ya sha, don ƙullutun maƙogwaro, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, ya ƙoshi, kada ya zuƙe mai ƙunar.

A 1978 David Goldenberg ya nuna a Amurka cewa ƙwayoyin na isa wurin cutar har a ɗauki hotonta. Ƙona ta ɗin ce ta yi wuya. Ƙarin hanji yana da tauri, jini ba ya ratsa shi sosai, saboda haka ɗan kaɗan ne daga cikin maganin ke shiga. Saura yana ta yawo cikin jini yana illata ɓargo, inda ake ƙera jinin. Kafin a kai adadin da zai kashe babban ƙari, ɓargo ya gaji.

Shi ya sa a ganinmu gwajin da ya fi ma'ana shi ne na jami'ar Göttingen a Jamus, wanda aka wallafa a 2005. Likitocin can sun bar babban ƙari ga wuƙa, suka ba mutane 23 maganin labetuzumab mai aidin-131 bayan an cire musu cutar daga hanta. Kimanin rabin waɗanda aka bi diddiginsu sun kai shekara 5 a raye. Sai dai mutanen ba su da yawa, ba a kuma raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a don a kwatanta ba.

Har yau ba a amince da dabarar a matsayin maganin sankarar hanji ba. Inda ta ci nasara shi ne sankarar limfoma, wadda ba ta jure tururin: Amurka ta amince da Bexxar mai aidin-131 a 2003. Shi ma kamfaninsa ya janye shi daga kasuwa a 2014, saboda likitoci ba sa yawan amfani da shi.