Rikiɗar Dindindin Da Ta Aro A Wasan Kiwon Dodanni

A shagunan gem na Congo-Russia, cikin Jos ta Arewa, ƙwallo ce ke da kasuwa: janareta na ruri a waje, matasa sun jeru a benci, wanda aka ci ya tashi. Amma akan samu yaro a gefe ya duƙufa kan wayarsa yana kiwon dodanni. Pokémon yake bugawa, galibi tsoffin fitowa irin su FireRed da Emerald na 2004, ta manhajar da ke kwaikwayon na'urar Game Boy Advance, tunda ba sa cin data kuma ba sa neman waya mai tsada.

Wasan ya fito a Japan a watan Fabrairun 1996, daga kamfanin Game Freak na Satoshi Tajiri, mutumin da ya tashi yana farautar ƙwari a daji. Da halittu 151 aka fara, yau sun haura 1,000. Ana kama su, a horar da su, a haɗa su faɗa. Zaƙin abin kuwa yana wajen rikiɗa. Charmander, ɗan ƙadangare mai wuta a jela, idan ya kai mataki na 16 sai ya zama Charmeleon, a mataki na 36 ya fito da fukafukai ya zama Charizard. Magikarp, kifin da ba ya tsinana komai sai tsalle, mai haƙurin kai shi mataki na 20 zai ga ya koma Gyarados. Wasu sai an taɓa su da dutse na musamman, wasu kamar Kadabra sai an yi musayarsu da aboki.

Duk waɗannan ba sa komawa baya. Shi ya sa ɗan wasa kan tsaya yana shawara da zuciyarsa lokacin da allo ya fara walƙiya: ya bari, ko ya danna B ya dakatar? Mai Eevee ya fi kowa shan wannan zullumi, domin hanyoyi takwas ne a gabansa yanzu, kuma guda ɗaya tak zai bi da ita.

A 2013, da fitowar X da Y, sai aka zo da rikiɗar Mega. Dodon zai riƙe dutsensa, a tsakiyar faɗa ya sauya kama ya ƙara ƙarfi, ana gamawa ya koma yadda yake. Sau ɗaya ake yi a kowace karawa. Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne: zuriyar dodo ba ta wuce hawa uku, Charizard kuma ya riga ya ƙure, alhali shi ne ke sayar da kaset. Sai aka ba shi Mega har iri biyu. Masu kallon Digimon ba su yi mamaki ba, don tun a zanen 1999 Agumon kan zama Greymon ya yi faɗa, ƙarfi na ƙarewa ya dawo ɗan mitsitsi.

A ba Mega haƙƙinta, ta kawo dabara. Wa za a ba damar, kuma a wane zagaye? Abokin karawa na can yana lissafi. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. A 2016 aka kawo Z-Move, a 2019 Sword da Shield suka watsar da Mega gaba ɗaya suka kawo Dynamax, inda dodo ke kumbura ya yi zagaye uku kacal, a 2022 kuma Scarlet da Violet suka zo da Terastal. Kowane sabon kaset da nasa yayin.

Wanda ya ji jiki shi ne mai ƙaunar raunanan halittu. Mawile, wadda ta fito a 2002, ba ta da wani kataɓus sai da Mega ta ninka mata ƙarfin duka. Da aka janye tsarin a 2019, ta koma 'yar kallo, kayan aro dai ba ya rufe katara. Dunsparce kuwa ya jira shekara 23, daga 1999 zuwa 2022, kafin a ba shi Dudunsparce. Masu wasa sun yi ta dariyar sabon, wai tsawo kawai ya ƙara, amma nasa ne, duk kaset ɗin da ya shiga da shi zai shiga. Haka Primeape da Girafarig suka samu nasu a shekarar.

Mega ta dawo a Legends: Z-A cikin Oktoban 2025, a kan Nintendo Switch, na'urar da ba kasafai ake ganinta a shagunan unguwa ba. Dawowar tata ma hujja ce: ikon bayarwa da ƙwacewa yana hannun kamfani. Ga dodon da ya riga ya ƙasaita, rikiɗar wucin gadi ƙarin armashi ce. Ga rarrauna, ta dindindin kaɗai ke fitar da shi kunya, kuma a nan ne ya kamata Game Freak ya fi sa ƙarfinsa.