Sharuɗɗan Shiga Ƙasa Ba Tare da Biza Ba: Misalin Japanawa Masu Ziyartar Tsibiran Palau

1.0 Gabatarwa

Mutane da yawa idan suka ji an ce wata ƙasa ba ta buƙatar biza, sai su ɗauka cewa abin da ya rage wa matafiyi shi ne ya ɗaure kayansa ya hau jirgi. Ba haka abin yake ba. Yafe biza sharaɗi ɗaya ne aka ɗauke, sauran kuwa suna nan daram, kuma saɓa ko da ɗaya daga cikinsu kan sa a mayar da mutum gida tun daga filin jirgin ƙasarsa, ya yi asarar kuɗin tikiti da na masauki. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda tsarin yake aiki, ta hanyar ɗaukar misali guda, wato Japanawa masu zuwa Palau, wata ƙaramar ƙasar tsibirai da ke yammacin Tekun Fasifik. An zaɓi wannan misali ne saboda a cikinsa tarihi da harshe da tattalin arziki sun haɗu wuri guda.

2.0 Ma'anar wasu kalmomi

Akwai kalmomi uku da ake yawan cakuɗa su, ya kamata ɗalibi ya rarrabe su tun da farko. Fasfo takarda ce da ƙasar mutum take ba shi, wadda ke shaida ko shi wane ne da kuma ƙasar da ya fito. Biza kuwa ƙasar da za a je ce take bayar da ita, galibi ta ofishin jakadancinta, kafin a kama hanya. Shi kuma izinin shiga, jami'in shige da fice ne yake bayar da shi a bakin iyaka, bayan ya ga matafiyin ido da ido. Ke nan idan an ce an yafe biza, mataki na biyu ne aka tsallake. Na farko da na uku ba su taɓa faɗuwa, kuma jami'in da ke bakin iyaka yana da ikon hana mutum shiga idan bai gamsu da shi ba.

3.0 Palau da dangantakarta da Japan

Palau tarin tsibirai ne kimanin 340, a arewa da ikwaita kaɗan, gabas da ƙasar Filifin. Mutanenta ba su fi 18,000 ba. Koror ne gari mafi girma, amma tun 2006 aka mayar da mazaunin gwamnati Ngerulmud. Dalar Amurka ce kuɗin ƙasar. Tana kudu da Japan da tazarar kilomita 3,000 ko makamancin haka, kuma agogonsu ɗaya, don haka Bajapane ba ya sauya lokaci idan ya sauka.

Sifaniya ta sayar wa Jamus tsibiran a 1899. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai Japan ta karɓe su, kuma a 1920 ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta damƙa mata riƙonsu. A 1922 Japan ta kafa hedikwatar mulkin tsibiranta na kudu a Koror, aka yi ta ƙaura zuwa can, har ta kai kafin Yaƙin Duniya na Biyu baƙi daga Japan sun fi ƴan ƙasa yawa. A 1944 aka gwabza ƙazamin yaƙi tsakanin sojojin Amurka da na Japan a tsibirin Peleliu, inda sojojin Japan kimanin 10,000 suka mutu. Bayan yaƙi Amurka ta riƙi tsibiran da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, har zuwa ranar 1 ga Oktoba, 1994, lokacin da Palau ta samu ƴancin kai. Shugabanta a wannan rana, Kuniwo Nakamura, mahaifinsa Bajapane ne.

Wannan zama na shekara talatin ya bar tabo a harshe. Kamar yadda Hausa ta ari kalmomin fasfo da biza da tikiti, haka harshen Palau ya ari kalmomi masu yawa daga Japananci. Wutar lantarki ana ce mata dengki, daga denki. Wayar tarho dengua, daga denwa. Jirgin sama skoki, daga hikoki. Ɗalibin ilimin harshe zai lura da yadda aka tanƙwara kalmomin don su dace da tsarin sautin harshen da ya are su.

Saboda haka ba yawon shaƙatawa kaɗai ke kai Japanawa Palau ba. Wasu nutso suke zuwa yi don kallon kifaye da duwatsun murjani, wasu kuma ziyarar wuraren da kakanninsu suka kwanta dama suke kaiwa. Sarkin Japan na lokacin, Akihito, shi ma ya ziyarci Peleliu a Afrilun 2015.

4.0 Sharuɗɗan shiga

4.1 Tsawon zama da manufar tafiya

Bajapanen da ya je yawon buɗe ido ba ya buƙatar neman biza kafin ya tashi. Idan ya sauka ana buga masa izinin zaman kwana 30. Wanda yake son ya zarce haka sai ya je ofishin shige da fice kafin wa'adinsa ya cika, ya biya kuɗi a ƙara masa wasu kwana 30. Ana iya yin ƙarin har sau biyu, jimla kwana 90 ke nan. Wannan izini na baƙunci ne kawai, bai halatta wa mutum kama aikin albashi ba. Mai son aiki, ko da koyar da nutso ne, sai ya bi wata hanya daban ya nemi takardar izinin aiki.

Ba kowace ƙasa ce take da wa'adi irin wannan ba. Ƴan Amurka, alal misali, suna iya zama har shekara guda, saboda yarjejeniya ta musamman da ke tsakanin ƙasashen biyu tun samun ƴancin kai. Haka kuma sassaucin da aka yi wa Japanawa ba na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba ne, domin ɗan Palau mai fasfo na gama-gari sai ya nemi biza kafin ya shiga Japan. Ƙaramar ƙasa mai dogaro da baƙi takan buɗe ƙofarta ko da ba a buɗe mata ba.

4.2 Wa'adin fasfo

Dole ne ya kasance saura aƙalla wata shida fasfo ya ƙare a ranar da aka shiga ƙasar. A nan ne matafiya suka fi yin tuntuɓe. A ɗauka fasfon wani zai ƙare ranar 20 ga Agusta, shi kuma yana son ya sauka Koror ranar 1 ga Maris don hutun kwana biyar. A ganinsa fasfonsa na da rai, tunda zai dawo gida da sauran fiye da wata biyar. A idon doka kuwa ya gaza da kusan kwana goma sha biyu, kuma wannan ya isa a hana shi tafiya. Iyalai sun fi shiga wannan matsala, domin a Japan yaran da ba su kai shekara 18 ba fasfon shekara biyar ake ba su, alhali iyaye sukan riƙe na shekara goma. Uba zai duba nasa ya ga lafiya lau, ya manta da na ɗansa. Hikimar sharaɗin ita ce, idan rashin lafiya ko guguwa ta tsare baƙo, kada takardunsa su mutu a hannunsa.

4.3 Tikitin komawa

Ana buƙatar matafiyi ya nuna tikitin komawa gida ko na wucewa wata ƙasa. Abin lura shi ne, ma'aikacin kamfanin jirgi ne yake fara bincikar wannan sharaɗi da na fasfo tun a Japan, kafin ya ba da takardar hawa jirgi. Dalili kuwa, bisa ƙa'idojin sufurin sama na duniya, kamfanin da ya kai fasinjan da aka ƙi karɓa shi ne ke da alhakin mayar da shi inda ya ɗauko shi. Don haka kamfanoni ba su yin sassauci, ko da fasinja ya yi magiya.

4.4 Fom ɗin shiga

Ana cika fom na shiga ƙasa ta intanet cikin sa'o'i 72 kafin tashi. Idan an kammala, sai a samu wata alama mai ɗigo-ɗigo wadda na'ura ke karantawa, a ajiye ta a waya ko a buga ta a takarda. Wannan fom ba biza ba ne, bayani ne kawai game da matafiyin da masaukinsa da kayan da yake ɗauke da su.

4.5 Hanyar da aka bi

Kamfanin Delta ya daina zirga-zirga kai tsaye tsakanin Narita da Palau a 2018, sai a Oktoban 2025 kamfanin United ya buɗe wannan hanya. Tafiyar ba ta kai sa'a biyar ba. Duk da haka akwai masu bi ta tsibirin Guam, wanda yanki ne na Amurka. Mai bi ta can, ko da sauya jirgi kawai zai yi, sai ya wuce ta gaban jami'an shige da ficen Amurka, don haka sai ya nemi izininsu ta intanet tun kafin ya bar gida. Wato mutum na iya cika duk sharuɗɗan Palau, amma sharaɗin ƙasa ta uku ya tsayar da shi.

5.0 Sharuɗɗan kare muhalli

A nan ne Palau ta sha bamban da sauran ƙasashe. A 2015 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura 160,000, kusan ninki tara na ƴan ƙasa ke nan, kuma akasarinsu daga Sin suka zo. Kuɗi sun shigo, amma shara ta ƙaru, aka tattake murjani, aka takura wa halittun ruwa. Gwamnati ta ga cewa idan aka ci gaba a haka, abin da ake zuwa kallo shi ne zai ƙare. Matakan da ta ɗauka sun zama wani ɓangare na sharuɗɗan shiga.

Na farko shi ne alkawarin da aka fara aiki da shi a Disamban 2017. Jami'i yakan buga wani hatimi mai rubutu a cikin fasfon baƙo, shi kuma ya sa hannu a ƙasansa. Rubutun alkawari ne da baƙo ke yi wa yaran Palau cewa zai kiyaye tsibiransu, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba kuma zai cutar da halittu ba. An tanadi rubutun cikin harsuna da dama, har da Japananci, don kada wani ya ce bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba.

Na biyu shi ne harajin muhalli na dala 100 a kan kowane baƙo, wanda aka fara karɓa a Janairun 2018. Ana haɗa shi ne cikin kuɗin tikitin jirgi, shi ya sa matafiya da yawa ba su ma san sun biya ba. Iyali mai mutum huɗu dala 400 ke nan. Daɗin daɗawa, mai son shiga yankin tsibiran duwatsu na kudancin Koror, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, sai ya sayi wani izini daban daga gwamnatin jihar Koror.

Na uku ya shafi kayan da ke cikin jaka. Tun ranar 1 ga Janairu, 2020 aka haramta duk wani man kare fata daga zafin rana da ke ɗauke da sinadaran da ke kashe murjani. Idan jami'an kwastan suka same shi sukan ƙwace, mai sayar da shi kuwa tara ake ci masa. A 2023 kuma aka haramta sigarin lantarki baki ɗaya. Waɗannan kaya ne da Bajapane zai saya a kanti a Tokyo ba tare da wata fargaba ba, amma da zarar ya sauka Palau sun zama haramtattu.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, Bajapanen da ke shirin zuwa Palau ba zai je ofishin jakadanci ba, amma yana da abubuwa shida da zai tabbatar: saura aƙalla wata shida fasfonsa ya ƙare, yana da tikitin komawa, ya cika fom ɗin shiga, ya nemi izinin Amurka idan ta Guam zai bi, ya fitar da haramtattun kaya daga jakarsa, sannan ya shirya sa hannu a kan alkawarin kare muhalli. Tunda gwamnatoci kan sauya irin waɗannan dokoki, matafiyi mai hankali yakan sake tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasar ko kamfanin jirginsa kafin ya biya kuɗin tikiti.